Tambaya ta Tara

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe 5:20 na yamma

Yau na fara aiki. Na isa bakwai saura kwata, ba a buɗe ƙofa ba sai takwas da minti goma. Na zauna a dakali ina ta murmushi ni kaɗai, har wata mai kunu ta tambaye ni ko lafiya.

Dakta Badi'a, malamata ta jami'a wadda ta ɗauke ni aikin, ta ba ni littafin aiki, ta ce in riƙa rubutu yadda baƙon da bai san mu ba zai karanta ya gane. Wannan littafin nawa ne, ba mai ganinsa, amma hannuna ya riga ya ɗauki umarnin.

To ga bayani. Sunana Zinnira, shekarata ashirin da uku, a watan Yuli na gama karatun gwaje-gwajen asibiti. Mu uku ne a aikin: Dakta, da ni, da Malam Haladu, ma'aikacin lafiya ɗan nan Gwarzo, shi ke ɗibar jinin jijiya, shi ke tuƙa mu. An ba mu ɗaki ɗaya a bayan wani ƙaramin asibiti, da firji mai aiki da hasken rana.

Abin da muke gwadawa takarda ce. Tsawonta santimita biyar, faɗinta biyu. An buga mata siririyar hanya da kaki. In aka ɗiga jinin yatsa a bakin hanyar, ruwan jinin ya bi ta da kansa, ba famfo ba lantarki, ya isa wasu da'ira biyu. Ta farko shaida ce, in ta yi ja takardar lafiyarta ƙalau. Ta biyu tana kama wani furotin da ake kira AFP, wanda yakan yi yawa a jinin mai ciwon dajin hanta. Gwargwadon yawansa, gwargwadon jan da'irar. Sai a saka takardar a wani baƙin akwatin kwali, waya ta ɗauki hoto ta ba da lamba. Ƙasa da ashirin babu damuwa. Sama da haka sai an bincika.

A Kano wannan gwajin sai da babban inji da jiran kwanaki. Tamu minti ashirin ne, kuma buga guda ɗaya bai kai kuɗin kwanon fura ba. Aikinmu mu gano ko gaskiya take faɗa.

Na dawo gida na yi wa Goggo Uwaliya bayani. Yayar Baba ce, a hannunta na girma nan Gwarzo. Tana matsar man gyaɗa tana saurare har na kai ƙarshe, sannan ta ce ashe shekara biyar a jami'a yankan takarda na koyo.

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe 1:10 na rana

Na buga takarda arba'in da hannuna. Injin yana zana layin kakin a saman takarda, sai a ɗora ta a faranti mai zafi, digiri ɗari da ashirin, minti biyu. Kakin ya narke ya nutse har baya, ya zama katanga. Na gwada biyar da ruwan shuɗi, ba wadda ta yi yoyo. Ruwan ya kama hanya kamar an kira sunansa.

Malam Haladu ya gan ni ina duba ma'aunin zafi sau uku kafin in ɗora kowace. Ya sa mini suna Malama Sau-uku. Na ce masa sau biyu ne da rabi, don na ukun leƙe ne kawai. Ya ce to ya tabbata.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe 4:45 na yamma

Ranar koyon dokoki. Kowane mutum lamba ake ba shi, lambar ce ke kan takardar gwaji. Za a ɗebi jinin yatsa don tamu, a ɗebi na jijiya a aika Kano don a gwada da babban inji. Ba a gaya wa kowa abin da tamu ta nuna sai na Kano ya dawo, mako biyu, saboda ba a riga an yarda da ita ba. Na sa hannu a kan wannan.

Akwai kuma takardar tambayoyi, guda goma sha biyu. Malam Haladu zai yi wa maza, ni in yi wa mata. Dakta ta daɗe a kan ta tara. Ta ce abu uku ke ɗaga AFP: dajin hanta, da kumburin hanta, da juna biyu, domin ɗan tayi da kansa yake yin wannan furotin ya zuba a jinin uwarsa. Mai juna biyu ba ta shiga aikin. Ta ce in ja mace gefe, nesa da suruka, in yi ƙasa da murya, kuma in jira sai na ji daga bakinta.

Da daddaren jiya na yi kuskuren gaya wa Goggo cewa jan da'irar nan ƙurar zinare ce ke kawo shi. Yau da safe ta ce in tara mata waɗanda aka gama da su, ta san maƙeri.

Asabar, 12 ga Oktoba, ƙarfe 7:00 na safe

Na goge farar rigar aiki sau biyu. Ba ta buƙatar na biyun.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe 6:05 na yamma

Mainika. Ƙauyenmu na farko ke nan, mutum talatin da ɗaya, a ajin firamare, mun tura bencina gefe.

Na shirya bayani na minti bakwai, na haddace. Ban kai rabi ba wani tsoho mai noman rani ya karɓi takardar, ya ɗaga ta a rana, ya juya ya gaya wa jama'a cewa ai lambu ne: ga kwari, ga fangali biyu, ruwa ke bi ya shayar da su. Kowa ya ce to. Matan kuma suka ce kakin nan salatif ɗin lalle ne, inda aka manna shi ba abin da ke kamawa. Na soke bayanina. Nasu ya fi.

Da'irar shaida ta yi ja a dukkan talatin da ɗaya. Mutum ɗaya ya wuce ashirin, lamba 12, namiji, ya ba da 46. Na rubuta ban ɗaga kai ba, kamar yadda aka koya mini.

Wata amarya na yi wa tambaya ta tara, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na jira. Na ƙirga, daƙiƙa arba'in. Can ta gyaɗa kai. Na ce sai na ji da baki, ta ce e kamar kukan sauro. Na cire ta daga aikin, na gaya mata ranar awo. Dakta ta ce haka ake yi. Har muka iso Gwarzo maganar tana mini daɗi.

Laraba, 16 ga Oktoba, ƙarfe 3:30 na yamma

Gobe Durun, garinmu. An kira Dakta Kano, ta tafi da jinin Mainika, ta ce ta bar mini wuƙa da nama. Ba za ta dawo ba sai ƙarshen wata, da sakamakon duka.

Baƙon da zai karanta wannan yana buƙatar sanin Adda. Ita ta haife ni. Shekararta arba'in da biyu, autarta tana da goma sha ɗaya. Ni ce 'yar fari. Mu jinin Fulani ne, yaren ya bar mu tun zamanin kakanni amma kunyar ba ta bar mu ba. Tun yaye aka kawo ni wajen Goggo. Adda ba ta taɓa kiran sunana ba, “ta Gwarzo” take cewa. Ba ma haɗa ido. In tana so in ci abinci sai ta gaya wa bango cewa tuwo na hucewa. Ni kuma Adda nake ce mata, kamar yayata ce.

Ba rashin so ba ne. Zangon karatu goma na yi, kowane zango in na buɗe jaka a makaranta sai na tarar da ƙullin man shanu a ƙasa, kuma har yau ba wanda ya san wanda yake sakawa.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe 5:50 na yamma

Ban san garinmu na da mutane haka ba. Tun daga bakin titi ake guɗa. Baba ya sa babbar rigarsa ta Sallah ya tsaya a ƙofar makaranta yana karɓar gaisuwa kamar shi ya buga takardar. Duk wanda ya zo sai Baba ya ce masa likita ta iso. Na gyara masa sau huɗu cewa ni ba likita ba ce. Ya ce ya ji, Malama, ya juya ya ci gaba.

Wadda ta koya mini tatsar nono ta miƙo yatsa tana ce mini ranki ya daɗe. Malam Haladu ya sha fura kwano uku, ya ce zai nemi a mayar da ofis nan.

Mutum ashirin da bakwai, daga lamba 32 zuwa 58. Adda ce ta ƙarshe. Ba ta yi niyyar zuwa ba, maƙwabta suka jawo ta, wai kunya ce a ce uwar mai abu ba ta gwada ba. Ta zauna a gefen benci cikin babban hijabi, fuskarta na kallon allo. Ta miƙo hannu ta baya. Wannan ne karo na farko da na riƙe hannunta tun ina iya tunawa. Tafinta ya fi nawa ƙanƙanta.

Tambayoyinta ban ɓata lokaci a kansu ba, tunda na san amsoshin.

Alhamis, ƙarfe 6:40 na yamma

Lamba 58: 74.

Juma'a, 18 ga Oktoba, ƙarfe 6:15 na safe

Na sake saka hoton a waya. 74. Na sake. 74. Da'irar shaida ja ce sosai.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe 2:00 na rana

Na je ofis duk da ba ranar aiki ba ce. Ina neman laifin takardar.

Ranar bugu: 15 ga wata, ni na buga. Zafi ɗari da ashirin. Katangar kaki babu tsaga, na duba hoton har sai da ya fashe. Jakar da muka ɗauko su a rufe take, ƙullin tsotse danshi yana ciki, shuɗi ne, bai jiƙe ba. Sauran ashirin da shida na ranar duk ƙasa da goma sha biyar. Na ɗauki ɗaya daga ragowar bugun na soki yatsana: 3. Takardar tambayoyi kuma babu gurbin da ba a cike ba.

Kwana goma sha biyu ina roƙon Allah Ya sa takardar nan gaskiya take faɗa. Yau ban san me zan roƙa ba.

Kaka, mahaifin Adda, ina da shekara goma sha biyu ya rasu. Cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa. An ce sammu ne, aka ce shawara ce, da aka kai shi Kano aka ce an makara. Don shi na zaɓi wannan karatun. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ba zan sake rubuta sunan cutar da na rubuta ranar bakwai ga wata ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba, ƙarfe 6:20 na yamma

Na je gida, wai taya tsinkar gyaɗa. Bana ta yi kyau ƙwarai, Baba ya ce rabonsa da irinta shekara tara. Tsakar gida duk harawa, ga ƙamshin ɗanya ana dafawa. An yi ta tsokanata cewa hannun likita bai iya tsinka ba, na cika kwando kafin kowa, aka ce to an yafe wa boko.

Abin da na lura, a jere, don kada tsoro ya ƙara mini ko ya rage:

Adda ta zauna hutu sau biyar tsakanin hantsi da azahar. Da aka soya albasa ta tashi ta koma bayan ɗaki. Tuwo loma shida ta ci, sai yalo da tsamiya. Da ta miƙe ɗaukar tulu iska ta manna mata hijabi, cikinta ya taso.

Idonta fari ne. Wannan ya fi komai wuyar dubawa tunda ba ma haɗa ido. A faifan silba na gani, tana zuba gyaɗa ina riƙe da shi. Na duba sau uku.

Baba ya tara itace a bayan ɗakinta, ya kusa kai tsayin katanga. Yana ta waƙe-waƙe a ƙasan maƙoshi. Bai san komai ba, kuma na sa hannu ba zan faɗa ba.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe 5:35 na yamma

Dugabau, mutum talatin da uku. Na yi bayanin lambu da fangali, an gane nan take.

Wani ya zo da bijimin huɗarsa har ƙofar aji, ya ce tun damina ba ya cin abinci sosai, a ɗiga masa. Malam Haladu ya ce ba matsala, amma doka sai an yi tambayoyi, kuma sai an ji daga bakin mai jinin. Ya ɗauki biro ya tambayi bijimin shekarunsa da ko yana shan taba. Mutumin ya ce ai ba ya magana da baƙi. Na yi dariya har hawaye, na manta na minti goma sha ɗaya. Na san adadin don agogon gwaji na tafiya.

Duka ƙasa da ashirin. Takardar nan tana da kyau. Ina sonta har yanzu, abin da ke ba ni haushi ke nan.

Laraba, 23 ga Oktoba, ƙarfe 12:30 na rana

Saura kwana takwas.

Juma'a, 25 ga Oktoba, ƙarfe 4:10 na yamma

Ina taya Goggo murza ƙuli, na tambaye ta a fakaice ko ta lura Adda na yawan gajiya. Ta dube ni ta gefen ido, ta ce ai ni na ɗebi jininta, ni zan gaya mata. Na ce ba a faɗa. Ta ce madalla, ashe boko bai cinye mini kunya ba, ta ci gaba da murza tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce uwata lafiyarta ƙalau, in daina tsuke fuska ina ɓata mata ƙuli.

Mutane haka suke cewa. Haka aka ce a kan Kaka har wata uku.

Amma ƙulin ya yi daɗi, na ci bakwai. Ta sayo atamfa turmi biyu da wata ƙatuwar tukunya, ta ce ajiya ce.

Lahadi, 27 ga Oktoba, ƙarfe 6:00 na yamma

Gida kuma. An shanya gyaɗa a kan tamfol, ba a ƙasa ba, saboda na ce danshi ke kawo funfuna, dafin funfunar kuma hanta yake ci. Baba ya gaya wa maƙwabta umarnin likita ne. Gida huɗu sun kwaikwaya. Wannan karon ban gyara masa ba.

Ƙafafun Adda sun ɗan kumbura, silifas ya bar mata shaida. Amma na ji ta tana dariya da maƙwabciya ta kan katanga, irin dariyar da ban san tana da ita ba. Na tsaya a zaure ina ji har suka gama.

Wani dillali ya zo taya farin ragon Baba, ya yi ta ƙari, Baba ya ce ba na sayarwa ba ne, yana da ranarsa. Na ce ko ya fahimci wani abu, ya ware shi don sadaka. Amma mai shirin sadakar rashin lafiya ba ya shafa wa rago wuya yana ce masa ango.

Itacen ya wuce katanga.

Talata, 29 ga Oktoba, ƙarfe 8:05 na safe

Saƙon Dakta: jibi, da sakamako. Na buga sittin yau. Ba wadda ta yi yoyo.

Alhamis, 31 ga Oktoba, ƙarfe 3:15 na yamma

Dakta ta shigo da fara'a, ta shimfiɗa takardu a tebur. Tamu da ta Kano sun yi daidai kusan ko'ina. Lamba 12 na Mainika kumburin hanta ne, ba ɗaya abin ba, kuma irin wanda ake ba magani. Da ba don takardar ba da bai sani ba sai ya kwanta. Malam Haladu ya yi kabbara. Ni ma na yi murna, da gaske, ina so baƙo ya san wannan.

Lamba 58, Kano: 81. Tamu ba ta yi ƙarya ba.

Dakta ta ce a kira matar a yi mata hoton hanta. Na buɗe baki in ce to, sai wani abu daban ya fito. Malam Haladu ya tashi ya ce zai duba tayar mota.

Na gaya wa Dakta ko wace ce matar. Ta jawo takardar tambayoyin ta bi ta da yatsa daga sama. Ta tsaya a wuri ɗaya.

“Zinnira, ta taran nan. Da bakinki kika yi ta?”

Na ce autarta shekara goma sha ɗaya. Ta ce ba abin da ta tambaye ni ke nan ba. Na ce Dakta, ni ce 'yar fari.

“Na sani. Ni ma 'yar fari ce. Kin tambaye ta ko ba ki tambaye ta ba?”

Ban tambaye ta ba. Ko ɗaya daga cikin goma sha biyun ban yi mata ba. Na sa alama a kan a'a, biro bai ko tsaya ba. Na duba kaki, na duba zafi, na duba danshi, na soki yatsana. Wannan layin kuwa sau nawa idona ya bi ta kansa, ya ga a cike yake, ya wuce.

Ta yi mini faɗa, kuma na cancanta. Ta ce amsawa a madadin mutum ya fi barin gurbi muni, za ta rubuta shi a rahoto da sunana. Ta ce kada in sa rai, kada in cire, ba mu san komai ba tukuna. Gobe in je in tambaya, in ji daga bakinta. Na ce ko ita za ta je. Ta ce ba ita ta sa alamar ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, ƙarfe 6:10 na yamma

Na roƙi Goggo ta raka ni. A mota na ce mata tambaya ɗaya na tsallake, ta ce wace, na karanta mata a kunne. Ta dube ni. Ta fara dariya tun daga Gwarzo, direba ya yi ta waiwaye, wata mata ta ba ta ruwa. Na ce ta gaya mini abin da ta sani, ta ce ba jininta aka ɗiba ba. Dariya ba amsa ba ce, ban rubuta komai ba.

Mun isa maza sun tafi masallaci. Adda na kan tabarma tana ɓarar gyaɗa a ƙwarya. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da mutan gida da kasuwar ƙuli. Goggo ta kori yara waje, ta zauna a kan turmi.

Na zauna a bayan Adda, na juya mata baya, na ɗaga takardar ta rufe mini fuska duk da ba mai kallona. Na nemo muryar aiki.

“Baiwar Allah mai lamba hamsin da takwas, akwai tambayar da ba a yi miki ba. Kina da juna biyu?”

Ina jin gyaɗa na faɗawa ƙwarya. Bakwai na ƙirga.

“Yaya,” in ji Adda, da Goggo take, “garin nan har awaki sun sani. Sai wadda aka kai jami'a.”

Na ce doka sai na ji e ko a'a.

“Ki ce wa ma'aikaciyar ta rubuta e. Tun kafin Babbar Sallah.”

Itacen wankan jego. Ragon suna. Tukunya, atamfa, tsamiya. Duk na rubuta su da hannuna a littafin nan, da ranakunsu.

Na yi niyyar in ce an gode in tashi. Sai kuka ya zo, irin mai sauti. Goggo ta daina dariya ta ce mene ne. Tunda mai jinin na zaune, na faɗa: takarda ta nuna lamba mai yawa, na ɗauka irin na Kaka ne.

Hannun Adda ya tsaya.

“Yaya, kwana nawa ke nan da aka yi gwajin?”

Goggo ba ta sani ba. Na gaya wa takardar cewa goma sha biyar.

“Ita kaɗai ta riƙe wannan a ranta?”

Can na ji ƙwarya ta taɓa mini gwiwar hannu, ta turo ta ta baya ba ta waiwayo ba. Na ɗebi gyaɗa. Bayanta ya jingina da nawa, kaɗan, kamar tabarmar ce ta yi mana ƙanƙanta. Muka ɓare ƙwaryar har ƙasa a haka.

Asabar, 2 ga Nuwamba, ƙarfe 9:00 na safe

Juna biyu ya isa ya ba da 81 a wata na biyar. Na duba littafi biyu da takardar Dakta. Amma bayani ɗaya ba ya kore wani, sai an ga hantar. Litinin.

Goggo ta gaya wa layinmu kaf. Mai kunu ta ce mini barka da ganewa.

Litinin, 4 ga Nuwamba, ƙarfe 2:40 na rana

Babban asibitin Gwarzo. Goggo ta shiga da Adda ɗakin hoto, ni na zauna a benci, don ba za ta kwanta ina tsaye ba. Minti ashirin da shida.

Goggo ta fito ta ce mai hoto ya ce hantar sumul take, ko ta ragon layya albarka. Na ce ina so in ga a rubuce. A rubuce haka yake: girma daidai, babu ƙari, babu ruwa. Gwajin ƙwayar cutar hanta ma babu. Mako ashirin da uku da kwana huɗu, bugun zuciya lafiya. Ana sa ran haihuwa gab da azumi.

Ashe ba ta fara awo ba. Ta gaya wa Goggo kunya take ji ta bi layi da sa'o'in ta Gwarzo. Nas ta yi mata faɗa mai daɗi, ta ce mai shekara arba'in da biyu ita ta fi kowa buƙata, ta auna mata jini, ta ba ta kati da magani. Da lamba 58 ba ta yi ja ba, da wataƙila sai ranar haihuwa za a gan ta. Wannan ba ya wanke kuskurena. Na rubuta shi ne don shi ma gaskiya ne.

An ba ta ɗan hoton a takarda mai sheƙi. Ta cusa shi a hijabi ba ta duba ba. Na so in gani, ban san ta yadda zan roƙa ba. Ta riƙe mini jaka na je sayo mata ruwa, muka raka ta tasha.

Talata, 5 ga Nuwamba, ƙarfe 4:55 na yamma

Na ja layi ɗaya a kan a'a, yadda za a iya karanta shi har yanzu, na rubuta e a gefe, na sa kwanan wata da sa hannuna. An cire lamba 58 daga aikin. Dakta ta ƙara doka: ba mai yi wa danginsa tambayoyi. Malam Haladu ya ce a sa wa dokar sunana, ya kuma ce daga yau ni Malama Sau-uku-ban-da-ɗaya ce. Mako mai zuwa za mu koma Mainika da sabon bugu.

Na zo ciro wannan littafin, hannuna ya taɓa leda a ƙasan jaka. Ƙullin man shanu. A ƙarƙashinsa takarda mai sheƙi, an naɗe ta a wata ledar don kada mai ya taɓa ta.

Ga kai, da kashin baya kamar jeren tsakiya, da hannu ɗaya a ɗage kusa da fuska. Yatsu biyar.

Na duba sau uku.